Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin jami'o'i da masu rabon kuɗin bincike: ku tambaye mu ko yaran sun koya

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe shugabannin jami'o'i, da farfesoshinmu da ke zama a kwamitin ƙarin girma, da ku masu riƙe da alƙalamin rabon kuɗin bincike, ina gaishe ku da aiki.

Ni malamin jami'a ne, kuma abin da nake bincike a kai shi ne koyarwa da fasahar nutso, wato hedset ɗin nan da mutum ke sakawa a fuska ya tsinci kansa a wata duniya ta kwaikwayo, da kuma ƙirƙirarriyar basira, irin manhajojin nan da ɗalibi ke hira da su suna amsa masa kamar malami. Na zaɓi in rubuto a fili ne saboda matsalar ba tawa ba ce ni kaɗai, duk taron da na haɗu da 'yan fanninmu da an gama gaisawa kukan ɗaya ne. Ƙarancin kuɗi kam kowa na fama da shi, ba shi ya kawo ni ba. Abin da ya dame ni shi ne tambayoyin da kuke mana a ƙarshen shekara: fefa, wato takardar bincike, nawa kuka buga, hedset nawa aka sayo, baƙi nawa suka zo suka ga lab. Da wuya ka ji wanda ya ce to malam, yaran da suka saka abin nan, bayan wata uku me ya rage a kansu? Alhali wannan tambayar ita ce aikinmu gaba ɗaya, kuma tsarin da kuka ɗora mu a kai yana hukunta duk wanda ya tsaya ya neme ta da gaske.

Fannin nan fa ba jiya aka haife shi ba. Tun 1968 Ivan Sutherland ya haɗa na'urar gani ta sakawa a kai, wadda ke haɗe da wani ƙarfe da aka rataye daga rufin ɗaki, kuma tun 1960 jami'ar Illinois a Amurka ta fara koyarwa da kwamfuta da tsarinta na PLATO. Alƙawarin da ake ta yi yau an yi shi a baya ba sau ɗaya ba. Shi ya sa mu da ke ciki ba ma rikicewa idan wani kamfani ya hau dandamali ya ce ya zo da abin da zai juya ilimi, sai dai mu ce a kawo mu auna.

Kuma idan aka auna wani lokacin sakamakon ba ya yi wa kowa daɗi. A 2019 Guido Makransky na jami'ar Kopenhagen da abokan aikinsa, ciki har da Richard Mayer, suka buga wani bincike inda ɗalibai suka yi darasin lab na kimiyya iri ɗaya, a allon kwamfuta da kuma cikin hedset. Cikin hedset sun fi jin kamar da gaske suna wurin, amma sun koyi ƙasa da abin da suka koya a allo, kuma awon da aka yi wa aikin ƙwaƙwalwarsu ya nuna nauyi ya fi mata yawa. Kafin nan a 2018 Jocelyn Parong da Mayer sun gwada darasin ilimin halittu, wasu suka yi yawo cikin jikin mutum da hedset wasu kuma aka nuna musu silaid kawai, masu silaid suka fi cin jarrabawa duk da cewa masu hedset sun fi jin daɗin darasin. Amma ku saurari rabin labarin na biyu, don shi ne ya fi muhimmanci a wajena: da suka yayyanka darasin hedset ɗin, suka riƙa tsayar da ɗalibi bayan kowane yanki ya taƙaita abin da ya gani da kansa, sai sakamakon ya gyaru. Na'urar ɗaya ce, tsarin koyarwar ne ya canja.

Ni na sha ganin wannan da idona. Ɗaliba ta saka hedset ta shiga cikin ƙwayar halitta, za ka ga bakinta a buɗe tana miƙa hannu tana son ta taɓa abin da ke shawagi gabanta, tana juyawa hagu da dama har sai ka riƙe mata waya kar ta naɗe ƙafarta, muryar da ke mata bayani a kunne tana ta zuba ita kuwa hankalinta na can kan wani abu mai walƙiya da ya gifta ta bayanta. Ta cire, ga shatin soso a goshinta, tana murmushi tana cewa wallahi malam kamar gaske. Ka tambaye ta to mene ne aikin wancan ɓangaren da kika tsaya a kansa, sai ta yi shiru ta ce bari ta tuna. Ba laifinta ba ne, kan ɗan'adam abin da zai iya riƙewa a lokaci ɗaya kaɗan ne, wannan John Sweller ya yi bayaninsa tun 1988, in ka cika wa mutum ido da kunne da jiki duk a tare to darasin ne ke rasa wurin zama. Ana cewa gani ya kori ji, gaskiya ne, amma gani bai kori tunani ba, kuma koyo a tunanin yake.

Kar ku ɗauka ina kushe abin da na ba wa rayuwata. Inda fasahar ke da amfani tana da shi sosai. A 2002 Neal Seymour da abokansa a jami'ar Yale sun horar da likitoci masu koyon tiyata da na'urar kwaikwayo, aka kwatanta su da waɗanda ba su yi ba a ainihin ɗakin tiyata wajen cire maɗaciya, waɗanda aka horar suka fi sauri da kashi 29 cikin ɗari kuma kurakuransu suka ragu nesa ba kusa ba. Matuƙan jirgin sama kuwa tun zamanin na'urar Edwin Link ta 1929 suke koyo a ƙasa kafin su tashi. Duk abin da ke da haɗari, ko tsada, ko ba zai yiwu a je a gani ba, ko yake buƙatar hannu ya saba ta hanyar maimaitawa, nan ne wurinta. Aikin mai bincike shi ne ya rarrabe ina ne wurinta ina ne ba wurinta ba, ga wane ɗalibi, da wane irin tsari. Wanda ya gano cewa a darasi kaza allo da alli sun fi, ya yi wa jami'a aikin da ya tsare mata kuɗi masu yawa, amma a gaban kwamitinku shi ne wanda bincikensa "bai yi nasara ba".

A nan ne nake son ku ɗan tsaya da ni. Yadda kuke ba da girant na shekara ɗaya, kuma kuna jiran rahoto mai daɗi a ƙarshensa, ya sa fanninmu ya cika da wani irin bincike guda: a tara ɗalibai 'yan kaɗan, a saka musu hedset na minti ashirin, a ba su takardar tambayoyi nan take, ka ji daɗi? kana so a sake? a ga kowa ya ce eh, a rubuta fefa. To wane yaro ne za ka fitar daga lakca ka saka masa abin da bai taɓa gani ba ya ce bai ji daɗi ba? Ɗokin sabon abu ne ake aunawa, kuma ɗoki gushewa yake yi. Abin da ya kamata a auna shi ne sati na shida, lokacin da hedset ya zama kayan aji kamar kowane, batir ya fara mutuwa a tsakiyar darasi, wani yana cewa kansa na juyawa yana jin tashin zuciya, mai tabarau yana fama gilashinsa bai shiga ba, malami kuma ya gano cewa sakawa da cirewa da gogewa da caji sun cinye masa sulusin lokacinsa. Sannan a dawo bayan watanni a sake jarraba su ba tare da sanarwa ba, kuma a kwatanta da ajin da aka koyar da kyau ta hanyar da aka saba, ba ajin da aka yi watsi da shi don a samu tazara mai kyau a jadawali ba.

Irin wannan binciken lokaci yake ci, kuma akwai hujja. Cognitive Tutor manhaja ce ta koyar da aljabara da ta fito daga aikin John Anderson da abokansa a jami'ar Carnegie Mellon, shekaru aka kwashe ana gina ta. Da cibiyar RAND ta gwada ta a makarantu sama da 140 a jihohi 7 na Amurka, sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna a shekarar farko babu wani bambanci, sai a shekara ta biyu aka ga ci gaba na gaske a manyan makarantun sakandare. Da girant ɗin na shekara ɗaya ne da an rubuta cewa manhajar ba ta aiki an rufe fayil. Don Allah ku riƙa ba da kuɗin shekara uku ko huɗu ko da ƙarami ne, ya fi mana babban kuɗi na wata goma sha biyu wanda rabinsa ke tafiya wajen jiran izinin kwamitin ɗa'a da jiran a kawo kaya.

Maganar kaya kuma. Kuna son sayen na'ura saboda ana ganinta, ana ɗaukar hotonta, ana yanke ƙyalle a buɗe lab. Amma in muka saka albashin ma'aikacin da zai kula da na'urorin a kasafi, ko mai haɗa manhaja, ko kuɗin horar da malaman da za su yi amfani da ita, layin da ake fara gogewa kenan. Sai ka ga dokta mai digiri uku shi ne mai caji, shi ne mai afdet, shi ne mai neman fasuwod ɗin da ya ɓace, ɗalibin digiri na uku kuma ya kwashe shekararsa ta farko yana koyon Unity, manhajar gina duniyar kwaikwayo, shi kaɗai daga bidiyon intanet. Ga shi kuma ƙasar da muke gini a kai ba tamu ba ce. Google Expeditions, manhajar kai ɗalibai yawon buɗe ido cikin hedset, da makarantu da yawa suka dogara da shi tun 2015 an rufe shi a 2021. Dandalin haɗuwa cikin duniyar kwaikwayo na AltspaceVR ya rufe a 2023, irinsa na Mozilla Hubs a 2024, a shekarar ne kuma Microsoft ya daina ƙera hedset ɗinsa na HoloLens 2. Waɗanda suka daɗe a cikinmu suna tuna lokacin da jami'o'i ke rige-rigen sayen tsibiri a Second Life, wata duniyar kwaikwayo ta intanet. Duk malamin da ya gina darussansa da bincikensa a kan ɗayan waɗannan, ranar da kamfani ya canja shawara aikinsa ya tsaya cak, wani ma ba zai iya maimaita gwajinsa ba balle wani daban ya tabbatar da shi. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a ilimi ya ce kayan fasahar koyarwa a matsakaici duk wata 36 suke canjawa, kusan tsawon digiri na uku kenan. Shi ya sa nake roƙonku ku daraja wanda ya gina a kan buɗaɗɗen tsari, ya ajiye manhajarsa da bayanansa inda kowa zai iya ɗauka, ko da abin nasa bai kai na kamfani sheƙi ba.

Sai ƙirƙirarriyar basira, wadda tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022 ta mamaye kowane taro. Yanzu kowane sashe yana son ya ce shi ma yana yi, har an fara ce wa masu hedset ku bar wannan ya wuce, ku koma can inda kuɗin yake, kamar yadda aka ce wa kowa ya koma metabas, wato duniyar kwaikwayo da mutane ke haɗuwa a ciki, bayan Facebook ya canja suna zuwa Meta a 2021. Mutum ba zai taɓa ƙwarewa ba in duk shekara biyu sai an ce ya canja alƙibla. Kuma tambayar ai ɗaya ce a duka biyun, ko yaran sun koya, ba girin-girin ba dai ta yi mai.

Masu tallar manhajojin koyarwa suna yawan ambaton Benjamin Bloom, wanda a 1984 ya ruwaito cewa ɗalibin da ke da malami nasa shi kaɗai yana wuce kusan kashi 98 cikin ɗari na 'yan aji na gama-gari, sai su ce ga shi yanzu kowane yaro zai samu nasa. Abin da ba sa faɗa shi ne a 2011 Kurt VanLehn ya tattara binciken da aka yi ya ga tasirin malami na mutum ɗaya bai kai ko rabin abin da Bloom ya faɗa ba, sannan manhajojin da ke bin ɗalibi mataki-mataki sun kusa kamo malamin. Wannan labari ne mai daɗi ai, amma waɗancan manhajojin an gina su ne a kan taswirar ilimin darasin, sun san a wane mataki yaro ya kauce. Manhajar hira ta yau ba haka take ba, an horar da ita ne ta ba da amsa mai gamsarwa, kuma ba wa ɗalibi amsa shi ne abin da malamin kirki ke ƙin yi. Hamsa Bastani ta jami'ar Pennsylvania da abokan aikinta sun gwada wannan a wata makarantar sakandare a Turkiyya da ɗalibai kusan 1000 a darasin lissafi. Waɗanda aka ba manhajar hira ta GPT-4 haka nan ba shinge sun fi waɗanda ba a ba su ba da kashi 48 cikin ɗari lokacin atisaye, amma da aka karɓe shi aka yi jarrabawa sai suka faɗi ƙasa da waɗanda ba su taɓa amfani da shi ba da kashi 17. Waɗanda aka ba nau'in da aka tsara ya riƙa ba da ishara maimakon amsa, atisayensu ya haura da kashi 127 kuma wannan faɗuwar kusan ba ta same su ba. Wanda ya auna lokacin atisaye kawai zai buga fefa mai cewa an samu gagarumar nasara, kuma da ma'aunin da kuke amfani da shi yau shi za ku fara ƙara wa girma.

In kuna son ku ga yadda abin yake, ku zauna ku karanta hirar ɗalibi da irin wannan manhajar layi-layi, aikin da muke kwashe makonni muna yi kenan. Yaro ya kwafo tambaya ya liƙa. Manhaja ta ce to me kake ganin za mu fara yi? Ya ce ban sani ba. Ta ba shi ishara. Ya ce kawai ba ni amsar. Ta sake lallaɓa shi, ya rubuta wata lamba da ka, ta ce ka kusa, alhali bai kusa ba ko kaɗan. A jadawalin da kamfani ke nunawa wannan yaron "ya yi mu'amala sosai", saƙo goma sha. Sai mutum ya karanta da idonsa zai gane cewa yaron ya koyi yadda ake matsa wa na'ura ne, lissafin yana nan inda ya bar shi. Wannan karatun ba ya sauri, ba ya kuma fitowa a matsayin fefa biyar.

Wani abu kuma da ke min ciwo, ku kan yanke hukunci a kan abubuwan nan ba tare da kun tambayi mutanenku da ke bincike a kansu ba. Jami'o'i da yawa sun ruga sun rungumi manhajojin gano rubutun na'ura suna hukunta ɗalibai da su, alhali a 2023 masu bincike a Stanford sun nuna irin waɗannan manhajojin sun ɗauki fiye da rabin rubuce-rubucen ɗaliban da Turanci ba harshensu na farko ba a matsayin na na'ura, kuma a Yulin 2023 OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, da kansa ya janye nasa saboda rashin daidaito. Ɗalibi na iya rasa digirinsa a kan lambar da ba ta da tushe. Muna ƙasan bene ɗaya da ku, kiran waya ɗaya ya isa.

Yanzu ƙarin girma, wanda na san shi ne ke korar yaranmu. Mai wannan fannin a tsakanin gida biyu yake. Sashen ilimi ya duba takardunsa ya ce wannan ai ɗan kwamfuta ne, sashen kwamfuta ya duba ya ce ina sabon lissafin da ka ƙirƙira, wannan ai koyarwa ce. A ɓangaren kwamfuta manyan taruka irin su CHI da IEEE VR shiga cikinsu na da wuya kuma a can ake kai aiki mafi kyau, amma fom ɗin kwamiti ya ce takardar konfarens rabin maki ce ko ma babu. Aikinmu ba ya yiwuwa sai da tawaga, mai haɗa manhaja, mai zane, masanin halayyar ɗan'adam, malamin aji, mai ƙididdiga, sai fom ya raba makin gida shida ya hukunta mu don ba mu yi mu kaɗai ba. Manhajar da mutum ya shekara biyu yana ginawa, wasu makarantu suna amfani da ita, babu ma layin da za a rubuta ta. Maimaita binciken wani don a tabbatar kuwa kar ma a yi maganarsa, Matthew Makel da Jonathan Plucker sun duba manyan jonal 100 na ilimi a 2014 suka ga kashi 0.13 cikin ɗari ne kacal na takardun suke maimaita wani bincike. A fannin da na'ura ke canjawa kullum kuma yawancin gwaje-gwajen 'yan mutane kaɗan ne, wannan babban haɗari ne, muna ɗora bene a kan tubalin da ba wanda ya taɓa bugawa ya ji ko yana da ƙwari.

Ba sai kun ƙirƙiro komai ba. Sanarwar DORA kan yadda ake auna bincike, da aka tsara a San Francisco a 2012, ta riga ta ce a auna aikin da kansa, a daina auna shi da sunan jonal ɗin da ya fito, kuma a lissafa bayanai da manhaja cikin abin da mai bincike ya samar. Akwai kuma tsarin da jonal ke duba tambaya da hanyar bincike ta amince tun kafin a tattara bayanai, ta yadda ko sakamako ya fito eh ko a'a za a buga. Wasu cikinku jami'o'inku sun ma sa hannu a DORA, fom ɗin ne dai ba a taɓa ba. Ku ce wa mai neman ƙarin girma ya kawo ayyukansa uku ko huɗu da ya fi alfahari da su ya yi bayanin abin da suka canja, ku samo wanda ya san fannin daga waje ya karanta su da gaske. In ba haka ba za ku ci gaba da ganin abin da nake gani, ɗalibi mafi hazaƙa ya gama digiri na uku ya iya haɗa manhaja ya iya tsara gwaji ya iya tsayawa gaban aji, ya duba hanyar da ke gabansa a jami'a ya tattara ya tafi kamfani, kuma ba albashi kaɗai ya kai shi ba, wani ya gaji ne da bayyana wa kwamiti cewa abin da yake yi bincike ne.

Kuma idan duk suka tafi, wa zai rage ya auna kayan kamfanonin? Rahoton UNESCO ɗin da na ambata ya faɗa a fili cewa hujja mai ƙarfi kan amfanin fasaha a ilimi kaɗan ce, da yawanta daga masu sayar da kayan take fitowa, kuma mafi yawanta daga ƙasashe masu arziki. Ba na ƙin haɗin gwiwa da kamfani, muna buƙatar na'urorinsu kuma akwai mutanen kirki a cikinsu. Amma in za ku sa hannu a yarjejeniya ku tabbata an rubuta cewa mai bincike na da 'yancin buga duk abin da ya gano ba sai da izinin kowa ba, kuma jami'a za ta tsaya masa in sakamakon bai yi wa mai kayan daɗi ba. Ƙaramin malami da bai samu kujerar dindindin ba ba zai iya wannan faɗan shi kaɗai ba.

Na ƙarshe, yaran kansu. Hedset yana naɗar yadda kai ke juyawa da yadda hannu ke motsi, wasu har inda ido ke kallo. A 2020 wani bincike a Stanford da mutane 511 ya nuna ana iya gane mutum daga motsin jikinsa cikin hedset da daidaiton kashi 95 cikin ɗari, wato goge suna daga fayil bai isa ya ɓoye shi ba. Yara kuma suna faɗa wa manhajar hira abin da ba za su faɗa wa malami ba. Tarayyar Turai a dokarta ta 2024 ta hana amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen karanta yanayin zuciyar ɗalibai a makarantu, UNESCO kuma a jagorarta ta 2023 ta ba da shawarar shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun amfani da manhajojin hira a aji, a shekarar da Meta ya rage shekarun amfani da hedset ɗinsa na Quest daga 13 zuwa 10. Kwamitocin ɗa'a da yawa har yau tambayarsu ita ce a wane kabad za a kulle takardu. Ku saka musu mutum ɗaya da ya san inda bayanan nan ke tafiya bayan sun bar ɗakin, kuma ku ba mu wurin ajiya na jami'a don kar mu riƙa jibge bayanan yaran mutane a sabar da ba mu san mai ita ba.

Ranku ya daɗe, zaman kwamitinku na gaba in fayil ɗin ɗayanmu ya zo gabanku, ku buɗe takardar ku duba abu uku: tsawon wane lokaci aka bi ɗaliban, da me aka kwatanta su, kuma an sake jarraba su bayan an karɓe na'urar ko kuwa. Wanda ya amsa waɗannan da kyau ku ba shi makinsa ko da abin da ya gano shi ne na'urar ba ta ƙara komai ba. Fom ɗin kuma a gyara shi kafin zagayen ƙarin girma mai zuwa, mu a shirye muke mu zauna da ku a kansa duk ranar da kuka kira.

Na gode, Allah ya ƙara muku lafiya.

Naku,
wani malami mai bincike kan fasahar koyarwa